Tambaya: ko macOS za ta zauna a kan ThinkPad T480 don koyon haɗa manhajar iPhone?

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a nan Katsina, kuma aikina na kammala karatu manhajar waya ce wadda 'yan kasuwar hatsi za su riƙa rubuta ciniki da bashi a cikinta. Na gama ɓangaren Android da Flutter, wato kayan aikin rubuta manhajar waya, amma da na juyo kan na iPhone sai na tarar ba a haɗa shi sai da Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji, shi kuwa Xcode ba ya tashi sai a kan macOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin Mac na Apple. Kuɗin Mac ya fi ƙarfina a yanzu. Abin da ke hannuna shi ne Lenovo ThinkPad T480 da na saya ta hannu, mai firosesar Intel i5 zubi na takwas da ram 16 GB. Na ji ana ɗora wa irinta macOS, abin da ake kira Hackintosh, don haka nake neman shawarar waɗanda suka taɓa yi: shin za ta yi aikin da nake so, kuma akwai laifi a yin hakan?

Mai gyaran kwamfuta daga Daura ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi dace da na'ura, domin T480 tana cikin waɗanda suka fi karɓar wannan aiki. Dalili shi ne macOS ba ta san kowane irin ƙarfe ba, sai wanda Apple ta taɓa sakawa a nata kwamfutocin, kuma ɓangaren hoto na UHD 620 da ke cikin taka ɗan gida ɗaya ne da wanda ke cikin wasu MacBook na wancan lokaci. Da zubi na 11 ne zuwa sama, da na ce ka haƙura, saboda ɓangaren hotonsu ba shi da direba a macOS ko kaɗan.

Aikin yana tafiya ne ta hanyar manhajar tayarwa mai suna OpenCore, wadda ake ajiyewa a ɓangaren EFI, wato sashen ma'ajiya da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta, ita ce take shiga tsakani ta nuna wa macOS cewa a kan Mac take. Tare da ita ake saka ƙananan direbobi da ake kira kext: VirtualSMC yana tsayawa a madadin wani guntun ƙarfe da Mac kaɗai ke da shi, Lilu da WhateverGreen suna daidaita hoto, AppleALC kuma sauti. Wi-Fi ɗin Intel da ke cikinta zai yi aiki da itlwm, amma kada ka sa rai da AirDrop, hanyar tura fayil tsakanin na'urorin Apple, ko na'urar karanta zanen yatsa. Idan taka mai katin hoto na Nvidia MX150 ce, kashe shi za ka yi.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce ka bi jagoran Dortania, wato bayanin saita OpenCore da ke intanet, daga farko har ƙarshe ka haɗa EFI ɗinka da hannunka. Yawancin waɗanda ke kawo mini tasu a mace sun kwaso na wani ne daga intanet, ta tashi sau ɗaya, ranar da ta ƙi tashi kuma ba su san inda za su taɓa ba.

Tsohon malamin kwamfuta daga Ƙofar Soro ya amsa:

Malam mai gyara ya amsa rabin tambayar, ni zan tsaya a kan ɗaya rabin. Wannan ƙofa ta Hackintosh ta buɗe ne a 2005, lokacin da Steve Jobs ya sanar da cewa Apple za ta bar firosesar PowerPC ta koma Intel, amma Apple ba ta taɓa yarda da ita ba. Yarjejeniyar da kake danna amincewa da ita kafin ɗorawa ta faɗi ƙarara cewa ba a saka macOS sai a kan kwamfutar Apple. Wani kamfani a jihar Florida ta Amurka mai suna Psystar ya fara sayar da irin waɗannan kwamfutoci a 2008, Apple ta kai shi ƙara, kotu ta ba ta gaskiya a 2009 ta kuma haramta masa ci gaba. Wancan ciniki yake yi, kai koyo kake nema, na san ba ɗaya ba ne. Duk da haka ni a wurina alkawari alkawari ne ko da da kamfani aka ƙulla shi, kuma ba na son ɗana ya fara sana'a da danna "na amince" a kan sharaɗin da ya riga ya ƙudurta saɓawa.

Sannan ƙofar ma rufewa take yi. Tun Nuwamba 2020 Apple ta fito da M1, firosesarta ta kanta, kuma a Yuni 2025 ta sanar da cewa macOS 26 Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Hackintosh kuwa a kan macOS ta Intel ya dogara gaba ɗaya.

Mai haɗa manhaja daga Katsina ta amsa:

Ina girmama maganar Baba Malam, sai dai ni ta wannan hanya na koya, ba zan ɓoye ba. Kusan shekara biyu na yi da irin wannan na'ura, kuma Xcode ya yi aiki, har ina jona iPhone da kebul in gwada abin da na rubuta. Matsalar da ta kore ni ita ce sabuntawa. Apple takan ɗaga mafi ƙarancin Xcode da take karɓar manhaja da shi a App Store, shagonta na manhajoji, sabon Xcode kuma yana neman sabuwar macOS, don haka ba ka da damar zama a kan wadda ta yi maka daidai. Wata rana na sabunta ba tare da na fara sabunta OpenCore da kext ba, saura kwana uku in miƙa aikin wani, kwamfutar ta tsaya a kan hoton tuffa, tambarin Apple. Filashin da na ajiye tsohon EFI a ciki shi ya cece ni, saboda haka ka tanadi irinsa kafin komai, ka kuma kwashe aikin makarantarka zuwa wani wuri.

Daga baya na tara kuɗi na sayi Mac mini M1 ta hannu. Ga mu da muke dogara da sola da inbata, tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, wato ko tana cikin aiki mai nauyi ba ta wuce wat 39. Ka kuma saka dala 99 ta rajistar shekara da masu haɗa manhaja ke biyan Apple a lissafinka, domin ko da Mac ta gaskiya ba ka ɗora manhaja a App Store sai da ita.

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Maganar Baba Malam ta tsaya mini a rai, don haka zan fara tambayar malamin da ke duba aikina ko za a karɓi ɓangaren Android kaɗai, in kuma nemi wanda zai ara mini Mac na 'yan kwanaki. Idan duka biyun ba su yiwu ba sai in gwada. Yaya mai gyara, na duba ma'ajiyar da ke ciki na ga Samsung PM981 ce, ko akwai matsala?

Mai gyaran kwamfuta daga Daura ya amsa:

Akwai, kuma gara da ka duba tun yanzu. PM981 ba ta jituwa da macOS, takan sa na'ura ta daskare ko ta mutu a tsakiyar ɗorawa. Ka cire ta ka adana ta da Windows ɗinka da aikinka a ciki yadda suke, ka sayi wata SSD daban ko da 256 GB ce, ka yi gwajin a kanta.