Shawarwarin da aka ba mai hasashen cewa komai fili ne

Wani mai sha'awar kimiyya ya kawo hasashensa cewa ƙwayar zarra ba komai ba ce face kaɗawar wani fili, wato wani abu da ba a gani da ido da ya cika sarari. Waɗanda suka san fiziks sun ce bai yi nisa da hanya ba, domin ilektron ma, ƙaramar ƙwayar da ke cikin zarra, a wurinsu motsin filinsa ne. Sai dai bayanin baki ba ya wadatarwa, don haka suka ba shi shawara ya zauna ya koyi lissafi, ya fara da aikin masanin fiziks Maxwell na 1865 kan filin lantarki da maganaɗisu.

Abin da aka fi nanatawa, ni ma nan na tsaya, shi ne hasashen ya faɗi abin da gwaji zai iya ƙaryatawa. Misali, masanin fiziks Peter Higgs ya yi hasashen wata sabuwar ƙwaya a 1964, sai a 2012 cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ta gano ta.