Yaya zan sa a riƙa ajiye kwafin saitunan rautocinmu kai tsaye ba tare da na sa hannu ba?

Ɗan Garki ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota wannan zaure. Ni ne nake kula da hanyar sadarwar wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a nan Abuja, wanda babban ofishinsa yake Garki, da rassa a Kubwa da Nyanya da Gwagwalada. Gaba ɗaya rautoci 11 ne a hannuna (rauta ita ce na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da intanet), 3 na Cisco a babban ofis, sauran 8 kuma na MikroTik ne da aka rarraba a rassa da rumbunan ajiyar kaya.

Abin da ya kawo ni shi ne, a tsakiyar daminar nan tsawa ta faɗi da dare a Gwagwalada, ta biyo wayar da ta sauko daga eriyar da ke kan hasumiya, ta ƙona rautar reshen. Samun sabuwa bai ba ni wahala ba, domin kafin azahar na sayo ta a Wuse na kama hanya. Da na isa na buɗe kwamfutata sai na tarar kwafin saitin da nake da shi ya kai wata 8, kuma a cikin waɗannan watanni mun sauya kamfanin da ke ba mu intanet, mun buɗe ɓoyayyar hanya tsakanin reshen da Garki, mun kuma ƙara ƙa'idoji a katangar tsaro saboda kyamarori. Haka na zauna a kan kwalin kaya ina ƙoƙarin tuno lambobi ɗaya bayan ɗaya, ina kiran abokin aikina yana karanto mini abin da ke ɗaya ɓangaren, masu karɓar kuɗi kuma suna rubuta rasit da biro, har bayan sallar isha'i.

Ba na son hakan ta sake faruwa. Ina neman shawararku a kan hanyar da za a riƙa ɗaukar kwafin saitin kowace rauta bisa jadawali ba tare da an jira wani ya tuna ba. Shin ya fi kyau kowace rauta ta riƙa tura nata, ko kuwa a ajiye kwamfuta ɗaya da za ta riƙa zagayawa tana ɗaukowa? Kuma sau nawa ya kamata a yi? Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan Kubwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kiyaye gaba. Hanya mafi kusa ita ce ka yi amfani da abin da ke cikin na'urorin tun daga masana'anta, domin ba sai ka sayi komai ba, kuma za ka iya gamawa yau.

A Cisco akwai sashen da ake kira `archive`. Idan ka shiga cikinsa sai ka ba shi `path`, wato adireshin saba, kwamfutar ajiyar da zai riƙa kai wa fayil, ka sa `$h` da `$t` a cikin sunan fayil ɗin domin ya ɗauki sunan rauta da lokacin da aka yi kwafin. Bayan haka ka rubuta `time-period 1440`, lissafin da minti ake yi, saboda haka wannan sau ɗaya ke nan a kowace rana. Ka ƙara `write-memory`, wanda zai sa duk lokacin da wani ya adana saiti, nan take kwafi ya tafi saba. Wasu sun fi son `kron`, mai gudanar da umarni bisa jadawali a Cisco, amma ka sani cewa shi ba ya iya amsa tambaya, saboda haka umarnin `copy` da ke tsayawa ya tambaye ka adireshi da sunan fayil ba zai yi aiki a cikinsa ba sai an kashe tambayoyin, ko a yi amfani da `show running-config` a juya sakamakonsa da `redirect`.

A MikroTik kuwa aikin na `/system scheduler` ne, ka rubuta ɗan jerin umarni da zai fitar da fayil, sannan `/tool fetch` ya ɗora shi a saba. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin kwafi iri biyu ne. Wanda `/system backup save` yake samarwa dunƙulallen fayil ne da ba a iya karantawa da ido, kuma an yi shi ne domin a mayar da shi kan ita wannan na'urar. Wanda `/export` yake samarwa rubutu ne zalla, kana iya buɗe shi ka karanta ka gyara, kuma shi ne zai cece ka a rana irin ta Gwagwalada idan sabuwar da ka sayo ba irin tsohuwar ba ce. Ka riƙa ɗaukar duka biyun. Ka kuma lura cewa daga RouterOS 7 (RouterOS ita ce manhajar da ke tafiyar da rautocin MikroTik), `/export` yana ɓoye kalmomin sirri sai ka ƙara masa `show-sensitive`.

Maman Amir ta amsa:

Duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, kuma da shi na fara a wurin aikina, amma bayan shekara guda na bar shi, kuma ina ganin ya kamata Malam ya ji dalili kafin ya yanke shawara.

Matsalar barin kowace rauta ta tura nata ita ce, ranar da ta daina turawa ba wanda zai gaya maka. Mu a nan mun san yadda rassa suke kwana: an ɗauke wuta da yamma, an kashe janareta da aka tashi daga aiki, batiran inbata kuma sun ja zuwa ƙarfe ɗaya na dare sun mutu. Idan ka sa jadawali ƙarfe biyu na dare, rautar tana kashe a lokacin, kuma da ta taso da safe ba za ta rama abin da ya wuce ta ba, sai ta jira daren gobe, wanda shi ma haka zai kasance. Na taɓa samun reshen da ya yi kusan wata 3 bai aiko da komai ba saboda wannan dalili kaɗai, alhali jadawalin yana nan a rubuce lafiya lau. Ga kuma batun agogo, domin yawancin ƙananan rautocin MikroTik ba su da batirin riƙe lokaci, idan ba a haɗa su da sabar NTP mai saita agogo ba sai ka ga fayil ɗauke da kwanan watan da ba shi ba. Sannan kowace rauta dole ta riƙe sunan shiga da kalmar sirrin sabar ajiyarka, wanda ke nufin duk wanda ya samu shiga rauta ɗaya a wani lungu ya samu hanyar zuwa inda kwafin kowa yake.

Abin da nake amfani da shi yanzu shi ne Oxidized, manhaja ce kyauta da aka rubuta da harshen kwamfuta na Ruby, kuma ta zo ne ta maye gurbin RANCID da magabatanmu suka daɗe suna aiki da ita. Ƙaramar kwamfuta mai Linux ta ishe ta. Za ka rubuta sunayen rautocinka a fayil ɗin `router.db`, kowace da nau'inta, `ios` ga na Cisco, `routeros` ga na MikroTik, ita kuma sai ta riƙa shiga kowace ta SSH, wato rufaffiyar hanyar shiga na'ura daga nesa, tana ɗauko saitin. Tazarar da take zuwa da ita daƙiƙa 3600 ce, wato kowace awa, kuma ina ba ka shawara ka bar ta a haka. Kada yawan ya ba ka tsoro, domin idan ka sa ta ajiye a Git, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen fayil, ba ta rubuta sabon abu sai idan saitin ya sauya. Da wannan, reshen da ba ya samun wuta sai ƙarfe tara na safe za a same shi ƙarfe goma.

Amfanin Git a wurina ya ma wuce batun gobara da tsawa. Idan aka kira ni aka ce tun jiya na'urar karɓar kuɗi ba ta aiki a wani reshe, abin da nake fara yi shi ne in duba bambancin saitin jiya da na shekaranjiya, sai in ga layin da aka cire da wanda aka ƙara a gabana, ja da kore. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Idan kana da LibreNMS, manhajar sa ido a kan na'urori, tana iya ba Oxidized jerin na'urorin da kanta, yadda duk sabuwar rautar da aka ƙara a sa ido za ta shiga jadawalin ajiya.

Wanda ya iya Python zai iya yin irin wannan da Netmiko mai shiga rautoci da `cron` mai tsara jadawali a Linux, ko da manhajar Ansible, sai dai duk abin da ka rubuta da hannunka kai za ka yi renonsa, har da sa shi ya yi ƙara idan ya gaza.

Dattijon Bukuru ya amsa:

Ina tare da Hajiya a kan a riƙa ɗaukowa daga wuri ɗaya. Ni daga Jos nake, kuma tsawar da muke sha a kan tudun nan ta sa na sauya rautoci fiye da yadda zan so, saboda haka ƙanena bari in ja hankalinka ga abin da ke zuwa bayan an samu kwafin.

Fayil ɗin saiti mabuɗin gidanka ne gaba ɗaya. A cikinsa akwai makullan ɓoyayyun hanyoyinka, da kalmomin SNMP da ake sa ido a kan na'ura da su, da bayanan shiga na kamfanin intanet. Kalmomin sirri na Cisco da ake kira nau'i na 7 ba ɓoyewa ce ta gaske ba, cikin daƙiƙa ake warware su. Don haka kada ka yi wannan aiki da tsarin tura fayil na TFTP, wanda ba ya tambayar kowa ko shi wane ne kuma ba ya rufe abin da yake ɗauke da shi, kuma kada ka sa rauta ta riƙa aiko maka da fayil ɗin ta imel kamar yadda na ga wasu matasa suna yi. Ka buɗe asusu na musamman domin wannan aiki a kowace rauta, ka taƙaita shi ga adireshin kwamfutar ajiya kaɗai. A MikroTik ƙungiya mai izinin `ssh` da `read` da `sensitive` ta wadatar, ba ya buƙatar izinin rubutu. Kuma kwamfutar da ke Garki ita ma na'ura ce da wuta za ta iya ci, sai ka sa ta riƙa tura ma'ajiyar Git ɗin zuwa wani wuri na biyu da ba a ginin ba, a rufe, ba a bainar jama'a ba.

Sai babban abin da nake roƙonka, wato ka ɗauki rautar da ba a amfani da ita, ka zauna ranar da ba ka cikin matsi, ka mayar da kwafin a kanta kamar da gaske abin ya faru. A nan za ka ga abubuwan da ba a faɗa. Fayil ɗin `/export` ba ya ɗauke da kalmomin sirrin masu shiga na'urar, ba ya kuma ɗauke da takardun shaidar tsaro, sai ka tanade su daban. Idan ka zo mayarwa, ka fara share saitin masana'anta gaba ɗaya, in ba haka ba layukan za su yi karo, kuma `/import` yana tsayawa ne a kuskuren farko ya bar maka rabin aiki. Idan tsohuwar tana da ƙofofi 10, wato wuraren jona waya, sabuwar kuma 5, dole ka gyara fayil ɗin kafin ka ɗora. A Cisco kuma makullin RSA da SSH ke dogara da shi ba ya fitowa a `show running-config`, sai ka sake ƙirƙiro shi kafin SSH ya yi aiki, sannan idan ka liƙa saiti a sabuwar rauta ƙofofinta za su ci gaba da zama a rufe har sai ka bi su da `no shutdown`, domin wannan layin ba ya cikin kwafin. Na taɓa ɓata awa guda a wani ofis ina zargin wayar kamfanin intanet, ashe ƙofar ce ban buɗe ba.

Ɗan Garki ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Na dakata ne har in gwada kafin in dawo. Na ɗora Oxidized a wata tsohuwar kwamfuta da ke kan inbatar babban ofis, yau kwana 12 ke nan, kuma duka rautoci 11 suna shigowa. Na kuma kunna `archive` da `write-memory` a na Cisco kamar yadda Injiniya ya nuna, ta rufaffiyar hanyar tura fayil ta SCP, domin su ne ake yawan taɓawa.

Maganar Hajiya ta tabbata tun a makon farko, domin rumbun Nyanya ba ya amsawa daga wajen sha biyun dare zuwa takwas na safe, kuma da na sa jadawalin dare da ban taɓa samun kwafinsa ba. Saboda haka na rubuta ɗan umarni da yake aiko mini da saƙo idan wata rauta ta yi awa 24 ba a same ta ba, maimakon duk lokacin da aka gaza sau ɗaya.

Baba, na bi umarninka ranar Asabar da kwafin Kubwa. `/import` ya tsaya a layin da ke kiran wata takardar shaidar tsaro da ba ta kan sabuwar na'urar, sai da na fitar da ita daga ta ainihin na ɗora sannan ya wuce. Yanzu na rubuta matakan a takarda ɗaya na ba abokin aikina, kuma Asabar mai zuwa shi zai mayar da kwafin Gwagwalada shi kaɗai, ni kuma in zauna gefe da agogo in ga minti nawa zai ɗauka.