Laima na cin bangon gidan haya a Tudun Wada, ina mafita?

Assalamu alaikum, magina da masu tsofaffin gidaje, ina neman shawararku. Gidan bene ne na haya a Tudun Wada, Kaduna, tsohon ginin bulo, sashen ƙasa. Laima na tasowa daga gindin bango har kusan ƙafa biyu, fenti ya kumbura ya ɓare, filasta na zubewa da farin gari kamar kanwa. Bayan kwabar kaya duk ya yi funfuna.

An kankare an sake filasta, siminti ɗaya yashi huɗu, da maganin hana ruwa. Da ruwan Agusta ya kankama, laimar ta ɓullo a saman sabon aikin. Ba famfo ba ne, don an rufe ruwan gidan bango bai bushe ba. Zargina biyu: ba a shimfiɗa leda a harsashin ginin ba, sannan cikon da aka yi wa lungu ya sa ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ga kwata manne da bango.

Shin haƙa rami a gefen bangon a cika da tsakuwa zai wadatar? Ko sai an yanka bulo kaɗan-kaɗan an cusa leda? Wannan nake tsoro, saboda nauyin bene na kansa. Don Allah wanda ya taɓa yin aikin ya faɗa min zurfin ramin.