Bayan aure, sunan uba ko sunan miji?

Malamar firamare, Mabera: Assalamu alaikum. Ƙanwata za a ɗaura wa aure bayan Sallah, sai dangin ango suka aiko cewa in ta tare a cire sunan Baba daga takardunta a sa na miji. Baba ya ce shi bai taɓa jin wanga zance ba. Don Allah wanda ya ga irin haka a gidansu ya ba mu labari.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ni a kan yayata na gani. Ta je kotu ta yi rantsuwa, aka buga sanarwa a jarida, ta koma amsa sunan miji. Takardun makaranta na ɗauke da sunan mahaifinmu, BVN, lambarta ta banki, na ɗauke da na miji, har wani banki ya riƙe mata albashi sai da ta kai tulin takardu. Daga baya auren ya mutu. Yanzu tana gidan wani, ga ɗiyanta biyu, amma katinta na aiki sunan tsohon miji ne a kai. Kullum ta rataya shi a wuya sai ta juya fuskarsa ciki.

Malamin Islamiyya, Kanwuri: Allah ya yi maku albarka. A Suratul Ahzab, aya ta 5, an ce a kira mutane da sunan ubanninsu, malamai kuma ba su ware mace ba. Ba sai mun tafi nesa ba. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, shi ne uban ɗiyanta, amma har yau Asma'u 'yar Shehu muke cewa. Ɗaukar sunan miji al'adar Turawa ce, ta shigo mana ta ofisoshi da takardun boko.

Direba, ɗan Tambuwal: Allah gafarta Malam, ai ko mu maza sunan dangin nan baƙo ne gare mu. Mahaifina ya ce da aka kai su makaranta, Muhammadu sun yi yawa a aji, sai aka liƙa wa kowa garinsu. Ku duba manyanmu: Shagari, Bafarawa, Wamakko, duk garuruwa ne. To matata 'yar Gwadabawa ce, in na ce ta ɗauki sunana ta zama 'yar Tambuwal ke nan? Ta riƙe abinta.

Gwaggo, Gidan Igwai (jikata ke rubuta mini): Ɗiyata, ku yaran yanzu kun manta da alkunya. Tun da aka kawo ni gidan ga bakina bai taɓa kama sunan Malam ba. Ɗan farina ma ban faɗin sunansa, Dikko nake ce masa yadda dangin ubansa Fulani ke kiran na fari. Da aka yi wa uwar mijina takwara ranar suna, aka raɗa wa yarinya Hauwa'u, duk gida Kulu suke cewa, ni kuwa Inna nake kiranta har ta yi aure. To ki gaya mini, macen da aka tarbiyyantar haka, ta je awo asibiti a ce ta faɗi cikakken sunanta gaban jama'a, ta buɗe baki ta ambaci mijinta? Wallahi ni ban iyawa. Sunan ubana kuwa ina faɗinsa da ƙarfi, in yi masa addu'a.

'Yar kasuwa, Arkilla: Gwaggo ki yi haƙuri, ni na sauya da son raina, kuma ban ga cutarwa ba. Muna tafiya waje da yara, na ga ya fi sauƙi fasfo ɗinmu ya zo da suna ɗaya. Sai dai ba wanda ya tilasta mini, kuma sunan Babana na nan a tsakiya. Tilastawar ce ban yarda da ita ba.

Malamar firamare, Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kawu ne waliyyinta, gobe zan karanta masa wannan duka don ya zauna da su tun kafin a kawo lefe. 'Yar'uwa ta Runjin Sambo, yayar taki ta fara neman maido da sunan mahaifinku? Ta ina ake farawa, kotu ko banki?