Kwantenar Docker na gudana, amma shafi ya ƙi buɗewa

Ɗan Pantami, Gombe: Salamu alaikum 'yan uwa. Na tayar da manhajar Node (mai gudanar da JavaScript a sabar) cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen akwatin da manhaja ke gudana a ciki, da `docker run -p 3000:3000`, amma localhost:3000 sai ya katse. Ina matsalar take?

Na Jekadafari: Wa alaikumus salam. Galibi manhajar tana saurare ne a 127.0.0.1 (adireshin cikin gida kawai) cikin kwantenar, don haka abin da ya zo daga waje ba ya isa gare ta. Mayar da adireshin 0.0.0.0 (wato ta saurara ta kowane adireshi), ka sake gina kwantenar.

'Yar Tudun Wada: Malam, duba `docker ps` tukuna, lambar port (ƙofar shiga) ta hagu ta kwamfutarka ce, ta dama ta kwantena. In wata manhaja ta riƙe 3000, sa 8080:3000. Umarnin EXPOSE na Dockerfile (fayil ɗin gina kwantena) kaɗai kuwa ba ya buɗe komai.