Référendum de confiance: me za mu ce da Hausa?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 8 nake naɗar shirin tarihi a rediyo kuma na maƙale. Batun Rasha ne, 25 ga Afrilu 1993, ranar da aka tambayi jama'a ko sun amince da shugaba Boris Yeltsin, da ko sun yarda da manufofin tattalin arzikin gwamnatinsa. Takardar da ke hannuna ta ce référendum de confiance. Ku taimaka.

Ɗan Zango: Zaɓen raba gardama mana, yaya. Kowa ya san shi.

Mai Shiri: Na sani, amma in na faɗe shi a nan Damagaram, tazarcen shugaba Tandja na Nijar mutane za su ji, zaɓen 4 ga Agusta 2009. Wancan kan kundin tsarin mulki aka yi shi. Wannan kuwa mutum aka ɗora a sikeli.

Mushe Mai Ritaya: Ƴata, ni ban taɓa son kalmar nan ba. Wace gardama ya raba? Yeltsin ya samu kusan kashi 59 cikin ɗari, ga Oktoba ta shekarar nan tankokin yaƙi na ɓarin wuta kan ginin majalisa. Namu na Tandja kuwa, 18 ga Fabrairu 2010 soja suka rufe zancen. Ku ce AWON AMANA. Gajere ne, Hausa ce tsantsa. Na daɗe ina ba da shawarar nan.

Hajiya ta Birni: Mushe, amana Larabci ce fa. Kuma awon amana sai ka ce ana sayar da gero a tiya.

Mushe Mai Ritaya: Hajiya, kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakinmu ta zama ƴar gida.

Ɗan Zango: To zaɓen kiranye?

Hajiya ta Birni: A'a. Kiranye jama'a ke tayar da shi don sauke wanda suka zaɓa, kamar yadda aka gwada wa shugaba Chavez a Venezuela a 2004. Asalinsa ma asirin da ake yi ne don matafiyi ya komo gida. Ƙuri'ar yanke ƙauna kuma ta majalisa ce, irin wadda ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou a nan Nijar a 2007.

Mushe Mai Ritaya: Kiranyen ma daga ƙetaren iyaka kuka ɗauko. Duk abin da Kano ta tauna sai mu haɗiye? Damagaram da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926 ba zai iya raɗa wa abu suna ba?

Ɗan Zango: Baba, rabin masu sauraronta a Daura da Maigatari suke kasuwa.

Mushe Mai Ritaya: Sai su koya.

Mai Shiri: Don Allah ku bar Kano ta huta, dare na yi. Ga abin da na rubuta: a farkon shiri, "zaɓen raba gardama kan amincewa da shugaban ƙasa da gwamnatinsa", daga nan sai in riƙa cewa "ƙuri'ar amincewa" kawai.

Hajiya ta Birni: Ya yi. Ki dai ƙara "ta jama'a", kada a zaci ta ƴan majalisa ce.

Mushe Mai Ritaya: Kalma goma a wurin biyu. To, shirinki ne. Amma ko sau ɗaya ki jefa awon amana, mu ji ko wani zai bugo waya.

Mai Shiri: In minti ya rage, Baba.