Duwatsun sarƙa masu kalar azurfa, ya ake gane na gaske?

To ga dai abun da na tsinta a hirar da mukai da masu haɗa sarƙa da awarwaro. Azurfar da aka fi yin kayan ado da ita kashi 92.5 cikin ɗari ne azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe ne, shi yasa ake buga mata 925. Amma ƙananan duwatsu ina wurin hatimi a jikinsu? Kuma ko an buga ma ba hujja bace, ƴan damfara na bugawa.

Suna ma yana ruɗin mutane, wadda ake cewa azurfar Jamus ko ɗigon azurfa babu a ciki, jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, waɗanda ake cewa azurfar Tibet masu arha ma yawanci haka suke, wasu har da dalma, ni kam bazan saka wa yaro irinsu ba tunda komai baki yake kaiwa. Nikel kuma shi ke sa wasu ƙaiƙayi a wuya.

Gwada da maganaɗisu, in ya kama ba azurfa bace, in bai kama ba kar kiyi murna tukunna don tagulla ma bata kamawa. Abun da kowa ya yarda dashi shine ki sadaukar da ƙwaya ɗaya ki kankare bakin hudar, kika ga ja ko rawaya to rufin azurfa kawai akai mata. In sari zakiyi mai yawa kai wa maƙeran fari su ɗiga wa ƙwaya ɗaya asid su gwada. Azurfa dai da giram ake saida ita, in kika ga leda cike a kuɗin katin waya kin san amsar.